Dutse mai walƙiya daga wajen Mahad, zinare ne ko me?

Direban Madina:
Salam 'yan uwa. Satin da ya wuce na kai kaya wajen Mahduz Zahab (Mahad), garin haƙar zinare a yankin Madina, a hanyar dawowa na tsaya sallar la'asar a bakin wani kwari sai na tsinci wani dutse fari tas, da ƙwayoyi ruwan ɗorawa manne a jikinsa masu kusurwa kamar an yanka da reza, gefe guda kuma kore-kore. Tun ina yaro a Jos nake son tara duwatsu, kakana aikin kuza ya yi. Ba sayarwa zan yi ba, so nake na san mene ne, kuma wai ana barin mutum ya ɗiba?

Abu Maryam:
Wslm. Indai yana da kusurwa haka to ba zinare ba ne ɗan uwa, fairait ne, wani ma'adini mai kama da zinare, Larabawa na ce masa zahabul mugaffalin, wato zinaren wawaye. Goga shi a bayan tayil, in ya bar baƙin layi shi ne, zinare layinsa rawaya ne kuma laushi gare shi, wuƙa ma tana kama shi. Koren nan alamar tagulla ce. Kada ka raina shi fa, mai kusurwa cikakkiya masu tarawa na son sa sosai, ka rubuta wuri da rana a takarda ka ajiye su tare.

Baba na Makka:
Yaro wurin nan tsoho ne ƙwarai, an haƙi zinare a can tun kafin Musulunci, aka sake a zamanin Abbasiyawa, kamfani ya yi aiki daga 1939 zuwa 1954, aka kuma buɗewa a 1988, yanzu Ma'aden, kamfanin haƙar ma'adinai na Saudiyya, ke riƙe da shi. Don Allah kada ka shiga tsofaffin ramuka, suna ruftawa, kuma haƙa ba lasisi laifi ne a ƙasar nan, kai da kake kan iƙama, takardar izinin zama. In ka ga dutsen niƙa ko guduma ta dutse irin ta mutanen da, bar shi inda yake, kayan tarihi ne.

Umman Walid, Jidda:
Ni tsorona dalma. Duwatsun wurin akwai mai kamar kwalli da ke ɗauke da dalma, kada ka daka a gida ko ka bar yara su sa a baki. 2010 a Zamfara yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma daga niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Direban Madina:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Na goga, baƙi ya fito. Na sa shi a kwalba saman kabad inda yara ba sa kaiwa.