Me ya hana lambun sararin samaniya ciyar da 'yan sama jannati?

Ɗalibin Noma ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina roƙon masu sani su warware mini ita. Tun a makaranta aka koya mana cewa tsiro yana ɗaukar iskar kabon da mutum ke fitarwa, ya mayar masa da oksijin, sannan ya ba shi abin da zai ci. To idan haka ne, me ya sa har yau a roka ake kai wa mazauna Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa abincinsu, alhali tun watan Nuwamba na 2000 tashar ba ta rabu da mutane ba? Na karanta cewa a watan Agusta na 2015 sun ci latas ɗin da suka shuka da hannunsu a can. Tun da latas ya yi, mene ne ya hana a faɗaɗa lambun ya ɗauke musu nauyin abinci da iska gaba ɗaya? Kuɗi ne, ko kuwa akwai wani cikas a aikin kansa?

Injiniyan Ruwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuɗi yana ciki, amma a ganina babban cikas ɗin shi ne ruwa, kuma shi ne mutane suka fi rainawa. A doron ƙasa, idan ka yi ban ruwa, nauyinsa ne ke sa ya tsane ya gangara, iska ta shiga gurbin da ya bari, saiwa ta samu ruwa da numfashi a lokaci guda. A tashar da ke kewaya duniya babu abin da zai ja ruwan ƙasa, saboda haka ko dai ya dunƙule ya lulluɓe saiwar har ta shaƙe, ko ya maƙale a wani lungu ya bar ta a bushe. Wannan ne ya sa akwatin shuka mai suna Veggie na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, wanda aka kafa a tashar a 2014, ba ya amfani da ƙasar noma. Wasu 'yan jakunkuna ake cikawa da tsakuwar gasasshen yumɓu da takin da ke narkewa a hankali, a manna irin a jikin lagwani, domin ruwa ya bi lagwanin kamar yadda mai ke hawa lagwanin fitila.

Iska ma haka take. Mai ɗumi ba ta tashi sama, mai sanyi ba ta saukowa, don haka idan ba a kunna fanka ba, ganye yakan zauna cikin laimar da ya fitar da kansa, ya cinye kabon ɗin da ke kusa da shi, ya rasa sabo. A ƙarshen 2015 furannin ziniya da aka shuka a Veggie sun yi hunhuna saboda yawan laima, sai da aka ƙara ƙarfin fankar, ɗan sama jannati Scott Kelly kuma ya yanke ganyen da ya lalace ya koma ban ruwa da ido, kafin wasu su yi fure a watan Janairu na 2016. Akwatin da ke ɗaukar jakunkuna shida ne kawai ya ba da wannan wahala, sai ka auna yadda za a kula da gona guda.

Malamar Tsirrai ta amsa:

Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai ina so in ɗora masa lissafi, domin a nan ne amsar tambayarka take, ɗalibi. Baligi yana shaƙar oksijin da ya kusa kilo ɗaya a rana, kimanin giram 840, ya fitar da kabon kusan kilo ɗaya. Gwaje-gwajen da NASA ta yi shekara da shekaru a wani rufaffen ɗaki a cibiyarta ta Kennedy, inda aka noma alkama da dankali da waken soya da latas, sun nuna cewa mutum ɗaya yana buƙatar shuka mai faɗin murabba'in mita 20 zuwa 25 kafin ta wadace shi da iska, da kuma wajen 50 kafin ta ciyar da shi, wannan ma idan haske mai ƙarfi ne. Faɗin Veggie kuwa ko rabin murabba'in mita bai kai ba. Ka ninka hamsin sau bakwai, adadin mutanen da suka saba zama a tashar, sannan ka tuna cewa kowane murabba'i yana son fitila, fitila tana son lantarki, lantarkin kuma yana komawa zafi, wanda fitar da shi a inda babu iska aiki ne babba.

Latas kuma ba ya ƙosar da kowa. Amfaninsa bitamin ne da ɗanɗanon ɗanyen abu ga wanda ya yi watanni yana cin abincin leda, ni kuwa ba na raina wannan ko kaɗan. Abin da ke riƙe ciki shi ne hatsi da dankali, su kuma nasu sharaɗin ya fi yawa. A 1996 an shuka wata gajeruwar alkama a tashar Mir ta Rasha, cikin akwatin Svet da 'yan Bulgeriya suka ƙera. Ta yi kyau, ta fitar da zangarniya, amma da aka duba babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Daga baya aka gano cewa iskar etilin, wadda tsirrai ke fitarwa da kansu, ita ce ta taru a tashar ta hana furen ɗaukar ciki. A fili iska ce ke kwashe ta, ba wanda ke tunaninta, amma a rufaffen wuri sai an sa na'urar tace ta.

Ko an samu hatsin, fiye da rabin jikin alkama kara ne da saiwa da ƙaiƙayi waɗanda ba a ci. Idan ba a narkar da su an mayar wa shuka ba, tare da abin da ke fita daga jikin mutum, to taki za a koma aikowa daga duniya a madadin abinci. Fitsari yana da sinadaran da tsiro ke so, amma yana da gishirin da ke taruwa ya kashe shi. Shirin MELiSSA na hukumar sararin samaniya ta Turai tun 1989 yake fama da wannan zagaye, yana amfani da ƙwayoyin bakteriya da wani nau'in gansakuka mai suna sifirulina.

Mai Bibiyar Tarihi ya amsa:

Malama, ki yi mini afuwa, amma kada mu sa ɗalibin ya ɗauka abin ba ya yiwuwa. A Kirasnoyask ta Saberiya, mutum uku sun zauna kwana 180 a rufaffen ɗakin gwaji na BIOS-3 tsakanin 1972 da 1973, tsirrai suna sabunta musu iska da ruwa. A Sin ma, ɗaliban Jami'ar Beihang sun yi kwana 370 a ɗakin Yuegong-1 daga 2017 zuwa 2018, rukuni biyu suna karɓa-karɓa. Wanda ya fi ba da tsoro shi ne rufaffen ginin Biosphere 2 a Arizona ta Amurka, inda mutum takwas suka shiga a 1991. Oksijin ya sauka daga kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen 14, saboda ƙwayoyin bakteriyar cikin ƙasar noman ginin sun yi ta cin sa, kankaren ginin kuma ya tsotse kabon ɗin da suka fitar, tsirrai ba su samu sun mayar ba. Sai da aka shigar da oksijin daga waje a farkon 1993.

Ɗalibin Noma ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamai, Allah ya ƙara basira. Tun da rashin nauyi ne ya jawo rabin matsalar, ashe ba zai fi sauƙi a duniyar wata ko ta Mars ba, inda ruwa zai iya gangarawa, ga kuma ƙasa a shimfiɗe?

Malamar Tsirrai ta amsa:

Ban ruwa zai yi sauƙi, domin nauyin abu a wata kashi ɗaya ne cikin shida na nan, a Mars kuma ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku. Ƙasar ce dai ba irin wadda ka sani ba ce. A 2022 masana a Jami'ar Fulorida sun ba da rahoton cewa sun shuka wani ɗan tsiron gwaji a ƙasar wata da jiragen Apollo na Amurka suka kawo. Ya tsiro, amma ya tsumbure, alamun wahala sun bayyana a jikinsa. A Mars kuwa na'urar Phoenix ta NASA ta gano gishirin faklorat a 2008, wanda ke da illa ga lafiyar mutum, dole a wanke shi kafin a yi noma, hasken rana ma bai kai rabin namu ba. Daren wata yana kai kwana 14, kuma shi ya kashe irin audugar da ya tsiro cikin Chang'e 4, kumbon Sin da ya sauka a duniyar wata, a watan Janairu na 2019.

Game da maganar Malam Mai Bibiyar Tarihi, na yarda da shi, amma duk ɗakunan da ya ambata a doron ƙasa suke, lantarkinsu daga waje yake zuwa, kuma akwai ƙofar fita idan abu ya ɓaci. Shi ya sa nake ganin gidan farko da za a gina a wata zai dogara da injuna wajen iska da ruwa, kamar yadda tashar yanzu ke sake tace kusan kashi 98 cikin ɗari na ruwanta, lambun kuma ya fara da ganye da barkono da tumatir, a riƙa ƙara masa faɗi gwargwadon lantarkin da aka samu.