Wai har yau ba mu fitar da Drogba namu ba?

Auwal Blues: Jama'a, bari in faɗi abin da kowa ke kewayewa. 'Yan ƙwallonmu na Najeriya sun cika Turai, amma ba mu taɓa samun wanda ya riƙe babbar ƙungiya a kafaɗarsa kamar Eto'o ko Drogba ko Salah ba. Eto'o sau uku ya ɗaga kofin zakarun Turai, 2006 da 2009 a Barcelona, 2010 a Inter. Laberiya ma tana da Weah da Ballon d'Or na 1995. Namu sai su haska kaka ɗaya, kafin ka farga ka ji su a Turkiyya ko Saudiyya.

Kawu Iliya: Yaro, a 1995 ko goyo an yi ka? Shekarar nan Kanu da Finidi suka ci kofin zakarun da Ajax. A 1996 aka yi wa Kanu aikin zuciya, ana cewa ƙwallo ta ƙare masa, ya dawo. Oktoban 1999 muna cunkushe a falon maƙwabcinmu mai dish, ƙungiyar taku Chelsea tana cin Arsenal 2-0 a gidanku, ana ruwa. Mutane sun fara neman takalmansu. Cikin minti 15 Kanu ya zura uku. Ta ƙarshen, ya yanke mai tsaron gida a bakin layi, inda kowa zai bayar, shi ya harba ta shige. Mai gidan ya yi tsalle ya zubar da butar shayi.

Auwal Blues: Allah ya ja kwana Kawu, ban raina Kanu ba. Amma a wasan ƙarshe na 1995 daga benci ya shigo. A Arsenal kuma Henry da Bergkamp ne masu gida, shi mai jiran canji.

Kawu Iliya: Mai jiran canjin ne ya zama gwarzon Afirka sau biyu, 1996 da 1999. Ka samo min irin wannan bencin in zauna.

Anti Zainab: Abin mamaki mai goyon Chelsea ne ke wannan magana. Mikel daga 2006 zuwa 2017 yana wurinku, yana cikin fili daga farko har ƙarshe ranar da kuka doke Bayern a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2012. Laifinsa ɗaya, aikinsa ba ya fitowa a bidiyon TikTok. A gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2005, Messi kaɗai ya sha gabansa. Da ya je Landan aka mayar da shi mai tare baya, ya haƙura ya yi. In ana lissafin wanda ya daɗe a babban gida, ga shi nan.

Auwal Blues: Anti, kin taimake ni ba ki sani ba. Wanda ya biyo bayan Messi ya ƙare a sharar gida.

Sadiq Pillars: Ku bar tarihi. Osimhen fa? Ƙwallo 26 a kakar 2022/23, ɗan Afirka na farko da ya fi kowa ci a Serie A, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990 zamanin Maradona. Weah da Eto'o duk sun buga a Italiya ba su yi haka ba.

Auwal Blues: To yanzu yana ina?

Sadiq Pillars: Galatasaray, kuma Yuro miliyan 75 suka biya a 2025. Ana ba da wannan kuɗin a kan gurgu?

Malam Nura: Ni ina ganin Auwal ya taɓo gaskiya amma ya kama ta ta wutsiya. Baiwa ba ita ce matsala ba. Ku dubi Okocha: ya wulaƙanta Oliver Kahn a 1993 yana Frankfurt, ya je PSG, Ronaldinho ya tarar da shi can, amma shekarun ƙarfinsa na ƙarshe a Bolton ya yi su. Amunike ya shiga Barcelona a 1996, gwiwa ta hana shi sakat. Oliseh ya je Juventus bai zauna ba, sai a Dortmund ya ci kofi a 2002. Shiga muna shiga, zaman ne ke gagara. Yawancinsu a filin ƙasa suka taso, ba makarantar ƙwallo, ba likita, sai dillalin da ke neman kasonsa ya kai yaro duk inda aka fara taya shi. Ku kwatanta da Lookman. Ukun da ya zura wa Leverkusen a wasan ƙarshe na Europa a 2024, ƙungiyar da ta yi wasa 51 ba a doke ta ba, duk mun yi murna. Amma a Landan aka haife shi, Charlton ce ta rene shi, har kofin duniya na matasa ya ci wa Ingila a 2017. Jininmu ne, tarbiyyar wasu.

Sadiq Pillars: Malam, da girmanka, Ahmed Musa fa? Daga filin wasa na Sani Abacha ya tashi, ƙwallo 18 a Kano Pillars, ya ci lig sau uku da CSKA ta Rasha.

Malam Nura: Ya je Leicester a 2016, me ya faru?

Sadiq Pillars: Ba a ba shi dama ba! Vardy na nan. Mutumin da ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, ba za a ce bai iya ba.

Auwal Blues: Rigar ƙasa daban, ta kulob daban. A kulob muke magana.

Anti Zainab: To a kulob ɗin, Yakubu na da 95 a Firimiya, Drogba 104. Tazarar tara ce, kuma shi a Portsmouth da Middlesbrough da Everton da Blackburn ya tara tasa, ba Lampard a bayansa.

Auwal Blues: Drogba ya farke a wasan Bayern ɗin a Munich ana saura minti biyu, ya buga fenaritin ƙarshe. Yakubu kuwa, mu tuna ƙwallon da ya ɓarar a wasan Koriya ta Kudu a 2010?

Kawu Iliya: Kai da ka ce a bar rigar ƙasa! Zainabu, rabu da shi. Ranar Asabar a zaunar min da shi kusa da ni a gidan kallo, kuma shi zai biya kuɗin shiga.