Neman kalma: in faith ce bangaskiya, me za mu kira trust?

Jama'a, a taimaka mini. Ran Lahadi ni na yi tafinta a majami'armu, nan wani ƙauye gefen Sumaila. Baƙon mai wa'azi da Turanci yake magana. Ya ce faith, na ce bangaskiya. Ya ce belief, na ce bangaskiya. Da ya zo kan trust sai na sake cewa bangaskiya, har matan zumunta suka fara ƙyalƙyala dariya. Ga shi kan bambancin ukun ya gina wa'azin nasa.

Wani malamin makarantar Littafi Mai Tsarki:
Ɗan'uwa, ba ka yi babban kuskure ba. Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma kalma ɗaya ce a can, pistis, take ɗauke da duka ukun. Tun fassarar Hausa ta 1932 bangaskiya muke karantawa. Amma belief dai, ka ce yarda. Yakubu 2:19 ya nuna ko aljannu sun yarda Allah ɗaya ne, yardar ba ta cece su ba.

Wata uwa daga Roni:
Malam, me zai hana tawakkali? Maƙwabtanmu Musulmi ma za su gane nan take.

Malamin:
Mama, kalma ce mai kyau. Sai dai a bakin mutanenmu ta fi fitowa bayan asara, in an yi rasuwa ko fari ya cinye gona. Ina tsoron mai sauraro zai ji haƙuri kawai.

Wani dattijo:
Yara, kuna ta zagaye. Dogara ce. Ni da nake dogara sanda na san abin da nake faɗi. In na tsaya ina yaba ƙwarin sandata tana jingine da bango, wannan yarda ce. Sai na sakar mata nauyina duka, ta yadda in ta karye na faɗi, sannan na dogara. Haka manomin da ya yi binne. Ya ɗebi irin gero daga rumbu, abin da iyali za su iya ci, ya zuba a busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba.

Na ce: Baba, ranka ya daɗe, na karɓa. Saura abu ɗaya da yake damuna. Bangaskiya daga ba da gaskiya ta fito, kamar ban ruwa da ban kwana. Sai ta yi kama da abin da mutum yake bayarwa daga aljihunsa, alhali Afisawa 2:8 ya ce ceton nan ta bangaskiya baiwar Allah ce, Romawa 10:17 kuma ya ce bangaskiya ta wurin jin Maganar Almasihu take samuwa.

Dattijon:
Shi ya sa na ce dogara, ɗana. Ƙarfin yana jikin sandar, mai dogarawa gajiyayye ne. Sandar nan tawa ma jikana ne ya saro mini.

Uwar daga Roni:
To Baba, amincewa fa?

Dattijon:
A bar ta ga ciniki da zancen aure.

Shi ke nan, na rubuta a bangon littafina: faith bangaskiya, belief yarda, trust dogara. Baƙon zai dawo bayan girbi, ni ne kuma tafinta.