Laurin ko Klement: wa ya fi cancantar sunan?

Bakanike: Ni dai ina kan bakana: a kamfanin kekuna, babura da motoci na Laurin & Klement, Laurin ne ya fi cancantar sunan. Václav Klement mai sayar da littattafai ne a Mladá Boleslav, ƙasar Cek. Václav Laurin ne ya san ƙarfe. Da suka haɗu a 1895 suna ƙera keken Slavia, hannun Laurin ne ke aikin. Shi ya cancanci yabon.

Dillalin babura: Oga, ka rage wa Klement haƙƙinsa. A 1894 ya rubuta wa wani kamfanin Jamus takarda da harshen Cek kan gyaran kekensa, aka mayar masa cewa ya rubuto da yaren da za su gane. Wannan wulaƙancin ne ya tayar da kamfaninsu. Kuma shi ya je Faris ya sayo babur ƙirar kamfanin Werner.

Bakanike: Ya sayo matsala ke nan, Alhaji. Injin Werner a saman tayar gaba yake, bel yana jan tayar gaban. Nauyi ya tattaru sama, hanya na jiƙewa sai gaba ya zame. Wutarsa kuma ta bututu ce, harshen wuta ke gasa shi har ya yi ja. Iska kan kashe ta, in babur ya faɗi fetur ya kama. Wa ya sauko da injin ƙasa cikin firam, ya mayar da bel tayar baya a 1899, in ba Laurin ba?

Malamin sana'a: Ku yi haƙuri, wurin nan kun haɗu ba ku sani ba. Saukar da inji ya gyara daidaito, amma bai kashe haɗarin gobara ba. Sai da suka nemi shawarar Robert Bosch, Bajamushe masanin wutar inji, suka koma maganeto, mai ba da tartsatsi ba tare da buɗaɗɗiyar wuta ba. Neman irin wannan shawara da kasuwar waje, nan Klement ya fi ƙarfi.

Dillalin babura: Madalla, Malam. Nasarar Václav Vondřich a kan babur ɗin kamfanin a tseren Dourdan na Faransa a 1905 ma talla ce ga kamfanin.

Bakanike: Talla ba ta ƙera Voiturette A, motarsu ta farko, ba. Silinda 2, cc 1,005, ƙarfin doki 7, gudun kilomita 40 a awa, duk a 1905 ɗin.

Malamin sana'a: Haka ne. Amma bayan gobarar masana'antarsu a 1924, cinikin haɗewa da kamfanin Škoda na garin Plzeň a 1925 ba a kan bencin aiki aka ƙulla shi ba.