Neman kalma: me za mu kira "accountability" a takardar makaranta zuwa ga iyayen yara masu koyon Turanci?

Tafinta:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimako kan kalmomi biyu, ta biyun ta fi ta farko wuya. Aikin da ke hannuna shi ne mayar da takardar da makarantun gwamnati a Amurka ke aika wa iyaye zuwa Hausa, wadda ke sanar da su cewa an sa ɗansu cikin rukunin yara masu koyon Turanci. Doka ce ta wajabta aika ta cikin kwana 30 da fara shekarar karatu, kuma da harshen da iyayen za su gane gwargwadon hali.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Ranar da aka kai yaro makaranta, ana tambayar iyaye harshen da ake yi a gida. In ba Turanci ba ne, sai a gwada yaron. In an ga yana bukatar taimako, sai a sa shi a rukunin, kuma kowace shekara a sake gwada shi a fanni huɗu: sauraro, magana, karatu da rubutu, har ya kai matakin da jiharsu ta yanka. Sakamakon nan bai tsaya kan yaro ba, da shi ake auna ita kanta makarantar. Kalmomin su ne "proficiency" da "accountability". A yanzu na sa "ƙwarewa" da "ɗaukar alhaki", amma raina bai kwanta da ko ɗaya ba.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a je ga kalmominka biyu, a duba "Turanci" tukuna. A wajenmu in ka ce yaro bai iya Turanci ba, dattijo zai iya ɗauka Faransanci kake nufi, domin shi ne harshen Turawan da muka sani. Iyaye 'yan Nijar suna da yawa a can. Ka rubuta "Ingilishi" ka huta, na Kano zai gane, na Maraɗi ma zai gane.

Tafinta:
Na karɓa, ɗan'uwa. Ingilishi za a sa.

Tsohon Hedimasta:
"Ƙwarewa" ta yi nauyi. Ƙwararren likita muke cewa, ƙwararren direba, wato wanda ya gama sanin abu har ana zuwa wajensa. Yaro ɗan aji uku ko da Hausarsa ta gado ba a ce masa ƙwararre. In uba ya karanta cewa sai ɗansa ya ƙware za a fitar da shi daga rukunin, zai ɗauka sai ya zama farfesa. Mu dai cewa muke yi wane yana jin Ingilishi. Me zai hana a ce "jin Ingilishi"?

Malamar Aji:
Baba, Allah ya ƙara girma, kan "ƙwarewa" ina bayanka. Amma "ji" ita ce ke haɗa ni rigima da iyaye kullum. Uwa za ta zo ta ce ɗanta yana jin Ingilishi, har shi ke yi mata tafinta a asibiti, don me har yanzu ake ce masa mai koyo? Kuma gaskiya ta faɗa, yana ji. Sai dai Ingilishin filin wasa daban, na littafin kimiyya daban. Masu bincike sun daɗe da nuna cewa yaro kan kama na hira cikin kamar shekara biyu, amma na karatu yakan ci shekara biyar zuwa bakwai.

Jihar da nake koyarwa tana amfani da gwajin ACCESS na ƙungiyar WIDA, wadda cibiyarta ke Jami'ar Wisconsin a Madison, kuma yawancin jihohi shi suke yi. Matakansa daga 1 zuwa 6 ne. In aka zo haɗa maki, karatu yana da kashi 35 cikin 100, rubutu 35, sauraro 15, magana 15. Ka ga ke nan kashi 70 yana wajen biro da takarda, inda "ji" ba ta kai ba. Ni abin da nake gaya wa iyaye da baki shi ne "iya Ingilishin karatu", kuma da na faɗi haka sai gardama ta mutu.

Maman Yara, Bronx:
Mu nan jihar Niyok gwajin NYSESLAT muka saba da shi, Kalifoniya suna da ELPAC, Teksas TELPAS. Roƙona ɗaya, Malam Tafinta, kada ka rubuta "jarrabawa". Da mun ji jarrabawa sai mu ji ci da faɗuwa. Na san gidan da aka yi wa yarinya faɗa har ta yi kuka saboda takarda ta nuna tana mataki na biyu, alhali shekararta ɗaya da zuwa ƙasar, kuma daga na ɗaya ta hau. Wannan ba abin da ake faɗuwa ba ne, kamar awon jariri ne a asibiti: a ɗora shi a sikeli a ga ko ya ƙaru daga wancan zuwan.

Tsohon Hedimasta:
To madalla. "Gwajin iya Ingilishin karatu" ke nan. Na janye "ji". A koma ga babbar, wato "accountability". Ni "hisabi" ce ta fara zo mini, domin a cikinta akwai lissafi, akwai tsayuwa a gaban wanda zai tambaye ka, akwai sakamako.

Mai Aikin Rediyo:
A ɗakin labarai in mun haɗu da ita sau da yawa "riƙon amana" muke cewa, musamman in ta zo tare da 'yar'uwarta "transparency", sai mu ce gaskiya da riƙon amana. Wani lokaci "bin diddigi". Amma Malam Tafinta, "ɗaukar alhaki" kam ka cire ta. Kunnen mai sauraro ya saba jin ta a wuri ɗaya: ƙungiya kaza ta ɗauki alhakin kai hari. Ko a maganar gida, alhaki abin da ka ɗauka ne in ka cuci wani, shi ya sa ake cewa alhakinsa ya kama ka. Uba zai karanta "makaranta ta ɗauki alhaki" ya ce me suka yi wa yarona?

Malamar Aji:
Bari in ɗan tsawaita, don sai mun ga yadda abin ke aiki za mu san sunan da ya dace da shi.

Asalin maganar shari'a ce. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar Lau da Nichols, kan yara 'yan asalin Sin kusan 1,800 a San Faransisko da ake zaunar da su a aji ana koyarwa da Ingilishi ba tare da an koya musu shi ba. Kotu ta ce ba yaro littafi ɗaya da malami ɗaya da na kowa bai zama adalci ba in ba ya gane abin da ake faɗa. A 1981 kuma, a ƙarar Castañeda da Pickard daga Teksas, wata kotun ɗaukaka ƙara ta kafa sharuɗɗa uku: shirin da makaranta ta zaɓa ya kasance yana da tushe a ilimi, a ba shi malamai da kayan aikin da yake bukata, sannan bayan an gwada shi a duba ko yana haifar da ɗa mai ido, in ba ya yi a sake shi. Sharaɗi na ukun nan shi ne zuciyar kalmar da muke nema.

Dokar da Shugaba Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002, wadda ake kira No Child Left Behind, ta sa gwajin shekara-shekara ya zama dole, amma lissafin ci gaban Ingilishin yaran a wani sashe na gefe aka ajiye shi, kuma hukumar ilimi ta gunduma ake tambaya. Da Shugaba Obama ya sa hannu kan ESSA, dokar da ta maye gurbin waccan, a Disambar 2015, sai aka ɗauko shi aka sa cikin manyan ma'aunan da ake auna kowace makaranta da su, kusa da sakamakon lissafi da na karatu. Ita ce ma dokar da ta daina kiran yaran masu ƙarancin Ingilishi ta koma kiransu masu koyo. Kuma ba 'yan kaɗan ba ne: a 2021 sun kai miliyan 5.3, sama da kashi 10 cikin 100 na ɗaliban makarantun gwamnati, kusan kashi uku cikin huɗu masu Sifaniyanci a gida.

Me ke biyo baya? Jiha tana wallafa sakamakon kowace makaranta kowa ya gani. Aƙalla sau ɗaya a shekara uku tana ware kashi 5 cikin 100 na ƙarshe daga makarantun da ke karɓar tallafin tarayya na yaran talakawa, a sa su rubuta shirin gyara, a bi su a ga ko sun gyara. Ana kuma ba da rahoton yawan yaran da suka shekara biyar a rukunin ba su fita ba. To kun ga akwai mai tambaya, akwai mai amsawa, akwai hujja ta alƙaluma, kuma ana maimaitawa.

Saboda haka, Baba, ina jin tsoron "hisabi". Hisabi sau ɗaya ne, ba a komawa a gyara, kuma zuciyar mai karatu lahira za ta tafi. "Riƙon amana" kuwa hali ne na mutum. Kana iya zama mai riƙon amana ba wanda ya taɓa tambayarka komai. Wannan tsarin ba a gina shi kan kyautata zato ba.

Ɗan Damagaram:
Malama, abin da kika zayyana ai "ba'asi" ne. In abu ya lalace a hannun mutum, mai gari ya aika a kira shi ya zo ya ba da ba'asi. In an rasa inda kaya suka shiga, a ce za a bi ba'asi. Kalma ɗaya, fuska biyu: hukuma da iyaye su bi ba'asi, makaranta ta ba da ba'asi.

Tsohon Hedimasta:
Wallahi ka kawo ta. Daga Larabci muka aro ta, tushenta bincike, wasu su ce bahasi wasu ba'asi. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a bin ba'asin yaro ƙarami, wanda aka damƙa wa abu ake bi. Na yi shekaru ina shugabantar firamare. Yaranmu da Hausa suke zuwa, a aji huɗu a juya musu karatu zuwa Ingilishi, in sun kai ƙarshen sakandare aka rasa kiredit a Ingilishi a WAEC ko NECO, ƙofar jami'a ta rufe, a ce yaro ya faɗi. Ba a cika jin an kira makaranta an ce ta zo ta yi bayanin shekarun da yaron ya yi a hannunta ba. Iyayenmu da wannan tunanin suke tafiya Amurka. In kalmar da ke cikin takardar ba ta nuna musu ƙarara cewa makaranta ake tambaya ba, kan yaron za su sauke fushinsu.

Mai Aikin Rediyo:
Ina da ja ɗaya. Ba'asi tana da ƙamshin ofishin 'yan sanda da zauren alƙali. Ba za a ga kamar ana tuhumar malamai ba? Sannan ba da ba'asi magana ce kawai, mutum ya yi bayani ya tafi. Ina sakamakon?

Malamar Aji:
Yaya, ni malama ce kuma ban ji zafin kalmar ba. Tuhuma tana nufin an riga an zarge ka, ba'asi kuwa a zo a ji yadda aka yi ne, mai gaskiya ma yana ba da shi. Batun sakamako kuma, "bi" ɗin ne ke ɗauke da shi, wanda ya bi ba'asi ba ya tsayawa a bayanin farko.

Kuma ina so iyaye su ji nauyin kalmar, domin tsarin yana da ramuka. Kowace jiha ita ke yanka adadin yaran da sai sun cika kafin a lissafa rukuni a makaranta, wasu 10, wasu 20, wasu 30. Makarantar da ke da masu koyo takwas tana iya wucewa ba a ga alƙalumansu a ma'aunin ba, kuma 'ya'yanmu sau da yawa a irin waɗannan makarantu suke, a warwatse. Na biyu, duk yaron da ya iya sai a fitar da shi daga rukunin, sababbin zuwa su maye gurbinsa, don haka rukunin kullum a ƙasa yake bayyana ko da malamai suna aiki tuƙuru. Shi ya sa ESSA ta yarda jiha ta ci gaba da lissafa waɗanda suka fita har shekara huɗu. Inda alƙaluma suka kasa gani, uwa ce za ta je ofis ta ce: bara yana mataki na uku, bana ma na uku, me aka yi masa a tsakani? Wadda aka gaya wa tana da ikon bin ba'asi za ta iya wannan tambayar.

Tafinta:
Allah ya saka da alheri. Ga yadda sakin layin ya koma, a duba mini:

"Kowace shekara za a yi wa ɗanku gwajin iya Ingilishin karatu, a fannin sauraro, magana, karatu da rubutu. Ba a cin wannan gwaji kuma ba a faɗuwa, ana yin sa ne don a ga inda ya kai. Hukumar ilimi ta jiha tana amfani da sakamakon wajen bin ba'asin makarantu, kuma wajibi ne makaranta ta ba da ba'asin ci gaban ɗanku. Kuna da ikon ƙin shirin taimakon, amma ko kun ƙi za a ci gaba da yi masa gwajin."

Sunan tsarin gaba ɗaya kuma na sa "tsarin bin ba'asin makarantu".

Maman Yara, Bronx:
Ya yi, sai abu biyu. "Ɗanku" ka mayar da shi "ɗanku ko 'yarku", kada a ɗauka maza kaɗai ake nufi. Sannan bayan "ta ba da ba'asin ci gaban" ka ƙara "gare ku", don a san ba hukuma kaɗai ake ba ba. In fom ɗin yana da wurin ƙarin bayani, ka sa cewa za su iya neman tafinta kyauta ranar da za su je ganin malamin, kada su ɗauki yaron ya yi musu fassarar maganar da a kansa ake yi.

Tafinta:
An gyara duka, Hajiya. Saura kalmar da suke amfani da ita in yaro ya kai matakin an fitar da shi daga rukunin. "Yaye" nake tunani, amma zan buɗe mata zare na daban.