Wane ɗan majalisa ya kamata ya ɗauki koken ƙungiyoyin gama kai?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Muna neman shawarar waɗanda suka san hanyar majalisar dokokin jihar Filato.

Ƙungiyoyin gama kai ne na manoman dankalin Turawa da kabeji, masu kai kaya kasuwar Farin Gada a Jos. Duk suna da takardar rajista daga Daraktan Gama Kai. Buƙatar ɗaya ce: a sa kuɗin rumbun sanyi a kasafin jiha, domin dankalin damina ba ya jure ajiya a buhu, ruɓa yake daga tsakiya, dole a karyar da farashi.

An rubuta koken shafi biyu, an haɗa kwafin rajista, da ƙudurin babban taro, da sa hannun shugabanni.

Ga inda gizo ke saƙar. Koke ba ya shiga zauren majalisa sai ɗan majalisa ya gabatar da shi, sannan a miƙa wa kwamitin koke-koke. Membobin ƙungiyoyin kuwa sun warwatsu: Bokkos, Mangu, Jos ta Arewa. A ba wakili ɗaya, sauran su ce an tsallake su, su naɗe hannu. A raba uku, ya zama ƙorafin mazaɓa, nauyinsa ya ragu.

To, a bi ta shugaban kwamitin noma ne? Ko dai maganar kuɗi ba ta koke ba ce, a fara da ma'aikata tun tana tsara kasafinta, kafin gwamna ya kai wa majalisa? In haka ne, a wane wata ake shiga?