Ɗaurewar sharaɓa da dare ga mai ciwon suga: me ke kawo sauƙi?

Telan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a Zariya, na daɗe da ciwon suga, kuma likita ya ce ya taɓa min jijiyoyin ƙafa. Tafin ƙafata ya sage, wani lokaci in ji kamar ana tsira min allura. Wannan na saba da shi. Abin da ya ishe ni yanzu shi ne ɗaurewar nama cikin dare. Ina tsakiyar barci sai sharaɓar hagu ta dunƙule ta yi tauri, babban yatsa ya lanƙwashe ƙasa, ko miƙewa ba na iyawa sai uwargida ta kama ni. Bayan ta sake ni ma tsamin yana nan har azahar, ga shi kekena na takawa ne, da wannan ƙafar nake ci da iyali. Ina shan maganin suga da ake kira metformin da maganin hawan jini mai sa fitsari. Wani mai kemis ya ce in riƙa haɗiyar kwinin kafin in kwanta, amma ban saya ba tukuna. Don Allah wanda ya san abin da ke taimakawa ya faɗa min.

Hajiya Uwar Marayu:
Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ni sanyi ne ke kawo min nawa, musamman lokacin hunturu. Ina gasa ƙafar da ruwan zafi bayan isha'i, in shafa man zafi, in sa safa. Ka kuma yawaita cin ayaba.

Nas Mai Aikin Dare:
Hajiya, a yi min afuwa, safar da shafar ba laifi, amma ruwan zafi ga ƙafar da ta sage haɗari ne babba. Ba ya jin zafin, zai iya salewa bai sani ba, kuma gyambon mai suga ba ya warkewa da wuri. Mun sha karɓar irin wannan a ɗakinmu, wani da garwashi ma ya ƙone yana jin ɗumi. In dole ne, ruwa mai ɗumi kawai, a fara gwada shi da gwiwar hannu.

Baba, kwinin ɗin nan ka bar shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2010 kan shan sa don ɗaurewar ƙafa, saboda yana iya rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, ya kuma rikita bugun zuciya. Ga ka da suga, yana iya saukar maka da shi ƙasa sosai kana barci.

Magungunan da ka ambata su suka fi jan hankalina. Daɗewa ana shan metformin yana rage bitamin B12 a jiki, rashinsa kuma yana ƙara lalata jijiya. Mai sa fitsarin kuwa yana iya zubar da gishirin jiki irin su fotasiyam da magnesiyam. Kada ka daina ko ɗaya da kanka. Ka kwashe kwalayen ka kai wa likitanka, ka roƙi a auna B12, gishirin jini da aikin ƙoda. Sai an ga ƙodar kafin a yi maganar yawaita ayaba ko sayen ƙwayar magnesiyam. Ka kuma lura: in ciwon sai ka sauko da ƙafar daga gado yake lafawa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, wannan maganar hanyar jini ce, kada ka jira ranar kilinik.

Direba Mai Ritaya:
Ɗan'uwa, ciwonmu ɗaya. Abin da masu gashin ƙashi na asibiti suka koya min: kafin ka kwanta ka dafa bango da hannu biyu, ka ja ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, ka karkata gaba har ka ji sharaɓar ta ja. Ka ƙirga talatin ka sauya ƙafa. In ta kama ka a kwance, miƙe ƙafar ka jawo yatsun wajen ƙwauri. In hannu bai kai ba, ka ajiye rawani ko zani kusa da filo, ka maƙala a tafin ƙafar ka ja. Bargo mai nauyi ma kada ya danne yatsun ƙasa. Bai rabu da ni gaba ɗaya ba, amma ya ragu ƙwarai.

Telan Tudun Wada:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Kwinin na fasa. Dafa bangon zan fara daren yau, ranar Litinin kuma in kai magungunan asibiti. Malama Nas, awon ƙodar da na B12 ɗin, sai na je ban karya ba ne, ko zan iya cin abinci in sha maganina da safe?